Abin Da Tagar Hotuna Ta Yanke

Ban taɓa sanin dattijo zai iya ɗaga murya haka ba sai ranar Larabar da Don Teodosio Huarancca ya kore ni daga gidansa.

Na hau benen ne da murmushina, kwamfuta rataye a kafaɗa, ina zaton yabo zan sha. Mako uku ke nan da na buɗe masa shafin intanet, inda na jera hotunan zane-zanen gidansa guda arba'in da biyu. Ba don sana'a na yi aikin ba. Saboda Nélida na yi, 'yarsa, wadda nake so shekara biyu cur, kuma shekara biyun nan mahaifinta yana kallona kamar ƙudan da ya faɗa masa cikin fenti.

Laifina a wurinsa a bayyane yake. A nan birnin Lima aka haife ni, ban taɓa taka Sarhua ba, garinsu na kan duwatsu, kuma ba na jin yarensu. Sannan ga Braulio, ɗan Don Hermógenes, compadre ɗinsa, wato aminin da ya riƙe Nélida ranar baftismarta. Braulio ɗan garinsu ne, yana da baburan haya masu ƙafa uku guda shida da gida mai hawa uku. Ni kuwa digiri gare ni da ɗakin haya.

Braulio na fara gani a ɗakin zanen, yana zaune a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ga injiniyan ya iso," in ji shi. "Sannu da zuwa, mahauci."

Don Teodosio na tsaye gaban teburin aiki, wayar Braulio a hannunsa, gashin tsuntsun da yake zane da shi soke a bayan kunnensa.

"Rogelio, matso nan. Mene ne wannan?"

Na leƙa fuskar wayar. "Tablar gidanku ce, Don Teodosio. Ita na sa ta farko."

Tabla dogon katako ne siriri da compadre ke zana wa mutum ranar da aka yi wa sabon gidansa rufi. Daga ƙasa ake karanta ta zuwa sama: waliyyi a gindi, sai masu gidan, miji da mata, sai dangi bi da bi, kowa da aikin da aka san shi da shi, har a ƙare da rana a can ƙoli. Nélida ta sha gaya mini wannan. Na haddace shi kamar yadda nake haddace darasi, ashe ban fahimce shi ba.

"Na san tawa ce," ya ce. "Ina matata?"

Sai a lokacin na duba da kyau. A bakin ƙasan hoton akwai kan Don Teodosio, daga wuya zuwa sama, yana yawo shi kaɗai. A gefensa babu komai sai furanni uku jajaye da suka leƙo. Furannin hular matarsa Doña Saturnina ne. Ta fi shi gajarta a rayuwa, haka kuma aka zana ta. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta.

Nan take na gane abin da na aikata. Hotunan da Nélida ta turo mini ba tsayinsu ɗaya ba: wasu dogaye kamar sanda, wasu masu faɗi kamar tabarma. Don shafin ya yi kyau, sai na yi musu taga ɗaya mai tsayi ɗaya, na umarci na'ura ta cika tagar da tsakiyar kowane hoto, abin da ya yi saura sama da ƙasa ta datse shi. Haka aka koya mana, haka kowa ke yi. A hoton takalmi ko na waya, tsakiya ce abin kallo.

"Don Teodosio, ku yi haƙuri," na ce. "Ai ba katakon na taɓa ba. Hoto ne kawai."

Da na san abin da kalmar nan za ta jawo, da na haɗiye ta.

"Hoto ne kawai!" Ya buga tafin hannunsa a kan tebur har kwanukan fenti suka yi tsalle. "Ka san yadda katakon nan ya zo Lima? A shekarun kashe-kashe na ɓamɓaro shi daga rufin gidanmu, na saɓo shi a kafaɗa. A tasha direba ya ce ba zai shiga mota ba sai an raba shi biyu. Saturnina ta ce sai dai a bar mu a hanya. Muka ɗaure shi a saman mota, kwana biyu tana riƙe da igiyar ta taga har tafinta ya tsage. Masu bindiga ba su yanke shi ba. Direba bai yanke shi ba. Sai kai, kana zaune a kujera da takardar jami'arka!"

"Kuma kowa ya gani," in ji Braulio, yana duba farcensa. "Na tura wa mutanen garinmu don su taya mu murna, ban san haka abin yake ba. Gwaggo Eulogia ta bugo daga Huamanga tana kuka, wai ko Baba Teodosio zai sake aure ne shi ya sa aka cire marigayiya."

"Ba ka sani ba?" na ce. "Kai da ka fi kowa ido?"

"Ni direba ne, injiniya. Idan kaya ya fi mota tsayi, ba na kiran mai zarto."

Na ji jini ya hau mini kai. Na yi taku ɗaya wajensa, Don Teodosio ya ɗaga hannu.

"Sauka daga benen nan. Ranar Lahadi compadre Hermógenes zai zo da iyalinsa neman auren Nélida, kuma zan saurare su. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

A kan matakala na ci karo da Nélida, hannuwanta duk farar ƙasar da ake shafa wa katako kafin zane. Ta ji komai. Na kira sunanta, ta manna bayanta da bango don in wuce, ba ta ko dube ni ba.

* * *

Washegari ta yarda mu haɗu a bakin teku, kusa da inda masunta ke sauke kifi. Hazon sanyi ya rufe ruwan, ya jiƙa mini tabarau. Na iso da fushina, domin a tunanina ni ma an zalunce ni.

"Jiya kin bar ni ana yanka ni," na ce. "Ko kalma ɗaya ba ki furta ba."

"Me zan ce? In ce ba ka yi ba?"

"Kuskure ne, Nélida. Layi ɗaya ne na umarni. Braulio ne ya mayar da shi abin kunya."

"Braulio ya nuna. Kai ka yanke."

"To ki faɗa mini gaskiya. Dama kina jiran dalili ne, ko ba haka ba? Mako uku ke nan da na tsaya a nan wurin na ce ki aure ni. Ba ki ce eh ba, ba ki ce a'a ba. Kullum ina duba waya kamar mahaukaci. Idan gida mai hawa uku kike so, ki faɗa, in daina wahalar da kaina."

Ta juyo a hankali. Idanunta sun ciko, amma dariya ta yi, irin wadda ta fi zagi ciwo.

"Ban ba ka amsa ba?"

"Ba ki ba ni ba."

"Rogelio Chumpitaz, hotuna nawa na turo maka?"

"Arba'in da biyu."

"Nawa ka buɗe ka kalla, tun daga gindi har ƙoli?"

Gaba ɗaya na kwashe su na zuba a jaka ɗaya, na bar na'ura ta jera su. Abin da taga ta nuna mini shi kaɗai na gani, kuma na yaba wa kaina da yadda suka yi layi ɗaya tsaf.

"Ko ɗaya," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kwana biyu ina hawa kujera ina ɗaukar su don kada ko kusurwa ta ɓace. Kai kuwa ka zuba su kamar dankali a buhu. Kullum kana cikin tunani, kana tsuke fuska, kana ce mini duniya ba ta fahimce ka ba. Kai wa ka taɓa tsayawa ka kalla?"

"Nélida…"

"Kada ka taɓa ni. Na gaji da kare ka a gidanmu. Na ce wa Baba kana da hankali, kana da ladabi, za ka koya. Ga shi ka koya."

"Za ki amsa wa Braulio?"

"Ni ba akuya ba ce da za a ja ni da igiya. Babu mai aurar da ni dole. Amma ba zan tsaya gaban ubana da ubangidan baftismata in yi faɗa saboda mutumin da ba ya kallo ba." Ta goge fuska da bayan hannu. "Je ka gyara abinka. In ka gyara, ka duba abin da ka yanke. Ba uwata kaɗai ba ce."

Ta tare motar haya ta shige, ta bar ni da ƙarnin kifi.

* * *

Juma'a tun da safe na zauna gaban kwamfuta a ɗakina, ɗakin da idan na miƙa hannu sai yatsuna su taɓa rufi.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce ta malalaci. Na bar tagar yadda take, na ce kowane hoto ya ƙanƙance har ya shiga ciki dukansa. Ya shiga kuwa. Tablar Don Teodosio ta koma kamar tsinken tsintsiya a tsakiyar farin fili, mutanen cikinta kamar kwarkwata. Doña Saturnina tana nan, amma ko mijinta ba zai gane ta ba. Na share.

Na zauna ina kallon layin nan da na rubuta da hannuna, wanda ya ƙayyade wa taga tsayinta. A nan ne girman kaina yake zaune. Na yanke wa hotuna hukunci tun kafin in gan su.

Na cire lambar. Na rubuta sabon umarni: faɗin taga ya bi faɗin fuskar waya ko kwamfuta, tsayinta kuwa ta tambayi hoton da ke cikinta. Duk lokacin da aka matsa gaba, ta auna sabon hoton, ta miƙe ko ta tsuke daidai da shi, maɓallan da ke ƙarƙashinta su bi ta.

Na gwada. Tagar ta rufe ruf, ta koma siririn layi.

Na yi ashar da ƙarfi har matar maigidan hayata ta ƙwanƙwasa bango. Sai bayan azahar na gano dalili. Tagar tana yin awonta ne kafin hoton ya gama saukowa. Tana tambayar wanda bai iso ba, ba ta samu amsa ba, sai ta ɗauka babu kowa. Na ƙara mata sharaɗi: ta jira hoton ya iso dukansa, sannan ta auna. Na kuma sa ta sake awo idan mutum ya juya wayarsa a kwance.

Wannan karon tagar ta buɗe, ta yi ta miƙewa ƙasa har ta wuce fuskar kwamfutar.

Amma da na duba, rana ce ta fara bayyana. Shafin intanet daga sama yake farawa, mai kallo ya gangara. Ke nan duk wanda ya buɗe zai fara da ƙarshen labari, ya iske masu gida a matsayin saura. Ranar Asabar da safe na juya tsarin: dogon hoto ya buɗe a gindinsa, yatsa ya hau da shi sama.

Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun mako uku da suka wuce. Na fara kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko. Ta biyu. Zanen kasuwa mai faɗi, tagar ta tsuke ta rungume shi babu gibi. Na goma. Na sha shida.

Ta sha bakwai ta fi duka tsayi. Na san tsakiyarta: gwaggonni masu kaɗi, kawu mai garaya. Na ɗauka tsohon aikin Don Teodosio ne. Da tagar ta buɗe a gindi, sai na ga waliyyi, a samansa kuma mace da gashin tsuntsu a hannu. Kusa da ita wani siririn mutum ne mai tabarau, gashinsa a tsaitsaye, kwamfuta a kan cinyarsa, ya tsuke fuska kamar an ci masa abinci.

A ƙarƙashin ƙafafunsu an rubuta: Gidan Rogelio da Nélida. Wurin shekara an bar shi fari.

Na tura yatsa sama. Ga Don Teodosio da Doña Saturnina. A samansu ga mahaifiyata, Doña Zoila, da kwandon kifinta, tana tsaye a kan rufin gidanta na unguwar Villa María, tsakanin rodunan nan da suka yi shekara goma sha biyar suna tsaye suna jiran hawa na biyu da mahaifina bai rayu ya gina ba.

Na cire tabarau na kifa kai a kan tebur. Mako uku amsata tana cikin kwamfutata, ni kuma ina yawo a titi ina jin haushin wadda ta ba ni ita.

Da kukan ya lafa, sai tsoro ya maye gurbinsa. Na buga mata waya.

"Na gani," na ce. "Nélida, na gani. Ki yafe mini."

"Sannu da zuwa," ta ce a bushe.

"Amma ki saurare ni. Idan na saki gyaran nan, mahaifinki zai gan ta. Mutum ba ya zana wa kansa tabla, kin fi ni sani. Ba a kuma zana ta kafin rufi. Zai ce mun ci mutuncin compadre ɗinsa. Bari in ɓoye ta sha bakwai, in nuna masa arba'in da ɗaya. Idan ya huce…"

"Ka ce me?"

"Na ɗan lokaci ne kawai."

"Sake yanke ni za ka yi? Jiya ba ka sani ba, yau da saninka?" Muryarta ta karye, amma ba ta sauko ba. "Ka ɗauka ban san al'adar ba? 'Yar wa ce ni? Wata biyu ina ɓoyewa bayan tankin ruwa ina zana ta, don na san babu compadre ɗin da zai zana mana. Ni na sa ta cikin hotunan da hannuna, don Baba ya gani, garinmu ya gani. Gobe ƙarfe biyu na rana za su zo. Ka zo da arba'in da biyu, ko kuma kada ka sake kirana har abada."

Ta kashe.

* * *

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Lahadi na sake hawa benen da aka hana ni hawa. An share ɗakin zanen, an jera kujeru. Don Hermógenes na zaune da baƙar hularsa, matarsa a gefensa, a gabansu tulun chicha, abin shansu na masara, da kwalabe da ƙunshin ganyen koka da suke taunawa. Ƙamshin farfesun masara da kayan ciki ya cika wurin.

Braulio ya miƙe ya tare ƙofa, yana cikin sabuwar kwat.

"Mahauci, yau babu yanka. Juya."

"Ni na kira shi," in ji Nélida daga bayan mahaifinta.

Don Teodosio bai tashi ba. "Na ce kada in ga ƙafarka."

"Kun faɗa, Don Teodosio. Na zo ne in mayar muku da abin da na yanke. In kun gani, zan tafi."

Ban jira izini ba. Na ratsa gefen Braulio, na ajiye kwamfutar a kan tebur gabansa, na buɗe ta farko.

Waliyyi ya bayyana. A samansa Doña Saturnina, tun daga takalminta har furannin hularta, da mazari a hannu, kafaɗarta na taɓa hannun mijinta.

Dattijon ya ɗora yatsa a kan gilashin, a kan fuskarta, ya daɗe bai ɗaga ba.

"Daga ƙasa ta fara," ya ce a hankali.

"Daga ƙasa ake karantawa."

Ya harare ni, sannan ya tura yatsansa sama har ya kai rana. Ya matsa ta biyu. Ya matsa ta uku, tagar ta tsuke. Ta huɗu, ta miƙe. Don Hermógenes ya jawo kujerarsa yana leƙe, yana kiran sunayen mutanen da ya gane, har yana dariya. Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci. Sha huɗu. Sha biyar. Sha shida.

Da ta sha bakwai ta buɗe, matar Don Hermógenes ce ta fara karanta rubutun. Ta dafe ƙirji.

"Uwar Yesu! Compadre, wannan kuma mene ne? Kun kira mu ne ku yi mana dariya?"

Don Teodosio ya kafe zanen da ido. Ya san hannun da ya yi zanen, shi ya koya masa riƙe gashin tsuntsu.

"Nélida. Tana ina?"

"Bayan tanki, Baba."

"Ɗauko ta."

Ta shigo da ita a naɗe cikin tsohon bargo, sai da ta karkata ta kafin ta wuce ƙofa. Dattijon ya shimfiɗa ta a kan teburin aiki, ya warware, ya bi ta da ido tun daga gindi. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"A gidana. Da ƙasata, da fentina. Kika zana wa kanki, kamar marainiyar da ba ta da kowa."

"Wa zai zana mini, Baba?" Tana kuka, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Kun riga kun yi mini awo. Kun ga inda zan shiga, abin da ya yi saura a jikina kuma a datse."

Ya miƙa hannu bango ya ciro zarto. Ya miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Kai ka iya yanka. Yanke nan, daidai saman kawunan nan biyu. Abin da ya rage tablar dangina ce mai kyau. In ka yi, na yafe maka maganar Saturnina, ka ci gaba da shiga gidana kana yi mini aikin hotuna. In ba ka yi ba, ka san hanya."

Zarton ya yi mini nauyi a hannu. Na dubi siririn mutumin nan mai tsukakkiyar fuska, na dubi wadda ta zana shi.

"Don Teodosio, wancan karon na yanke ne don ban duba ba. Yanzu na duba."

Na ajiye zarton a kan tebur.

"Kai, ana ɓata mana lokaci," in ji Braulio. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya wurga wa uwarsa. "Baba Teodosio, kawo in yi muku. Minti ɗaya ne." Ya fizgi zarton, ya danne katakon da gwiwa, ya ɗora haƙoran a kan farar ƙasar.

"Ajiye!"

Tsawar ta fi ta ranar Laraba. Don Teodosio ya cafke wuyan hannunsa, ya murɗe har zarton ya faɗi ƙasa.

"Sauke gwiwarka daga fuskar matata! A gidana ba a yanke tabla. Ɗan Sarhua ne kai ko me? Wannan baƙo ne, bai sani ba. Kai uwarka a ƙarƙashin tabla ta haife ka!"

"Ai ku kuka ce a yanke!"

"Shi na ce wa!"

Har yau ban sani ba ko gwada ni ya yi, ko kuwa da gaske yake so in yanke, sai ganin gwiwar Braulio a kan Saturnina ya farkar da shi. Ina jin shi ma bai sani ba.

Don Hermógenes ya miƙe, ya gyara hularsa. "Compadre, shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin ka ɗaga wa jinina murya ba. Braulio, kwashe kayanmu."

Suka fita da kwalabensu da ganyensu. Matar ta tofar da yawu a bakin ƙofa. Muna jin ƙarar babur har ta ɓace.

Dattijon ya juyo gare mu, fuskarsa babu ɗigon sassauci.

"Kun ji daɗi? Kun raba ni da compadre ɗina a yini ɗaya." Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ja shi a jikin katakon. "Mita biyu da santimita arba'in. Kai, ɗakin da kake kwana, nawa ne tsayinsa?"

"Biyu da goma."

"Naka ne?"

"Haya ne."

"To ba ka da gida. Tabla ba ta kwanciya a ƙasa, ba a jingine ta a kusurwa kamar tsintsiya. Tsayawa take ƙarƙashin rufin da masu ita suka ɗora da hannunsu." Ya nannaɗe ta cikin bargon, ya rungume ta a ƙirji. "Tana wurina. Ranar da ka sami rufin da zai haɗiye ta dukanta, ka zo ka yi magana, in ga ko zan saurare ka. Kafin nan, ƙafarka ba ta hawa benen nan. Sauka!"

Na rufe kwamfutata na sauka. Na kai ƙasan matakala ke nan sai na ji an kira ni.

Nélida ce a sama, idanunta jajur, fuskarta har yanzu a ɗaure. Ta ɗaga hannu ta jefo mini wani abu da iyakar ƙarfinta. Ya same ni a ƙirji, da zafi. Tef ɗin awon mahaifinta ne.

"Biyu da arba'in," ta ce. "Ka kuskura ka rage ko ɗaya."

Na tsaya a titi ina murza ƙirjina. Motar da ke zuwa unguwarmu ta tsaya, yaron motar na kiran fasinja, na bar ta ta wuce. Na tsallaka ɗaya gefen, na tare ta Villa María, inda rodunan mahaifiyata ke tsaye a kan rufi suna jiran hawa na biyu.